Taransfomar rezin ba ta yoyon mai, amma tana mutuwa a ɓoye: yadda ake duba ta daga saye har kunnawa

Wata safiya cikin hunturu aka kira ni wani otal a nan Jos, wai ɗakin taransfoma yana wani irin wari kuma ana jin "tsss tsss" kamar ana soya ƙwai a nesa. Ko da muka kashe wuta muka buɗe sai ga koyil ɗin tsakiya, wato naɗin wayar taransfomar, ya yi wani baƙin layi siriri daga sama yana gangarowa, ga farin gari a gefensa kamar an barbaɗa gishiri. Manajan wajen cewa yake "ai injiniya wannan busasshiya ce, ba ta da mai, ance mana ba a taɓa ta har abada". Toh wannan maganar ce ta sa na zauna rubuta wannan jagora, saboda yanzu a asibitoci da otal-otal da manyan benaye na Abuja da Jos irin wannan taransfomar, wadda ake zuba wa koyil ɗinta rezin maimakon mai, ake sakawa a cikin gini tunda ba ta da man da zai kama da wuta, kuma su CT da PT masu rage wuta don a auna ta, da bushin da waya ke ratsawa ta cikinsa, da sandunan da ke riƙe basba, wato ƙarfen da ke raba wuta, a cikin fanel na 11 kV da 33 kV duk kusan da rezin ɗin nan aka zuba su. Mega, na'urar auna insuleshan wato abin da ke hana wuta sulalewa, ita kaɗai ba za ta gaya maka lafiyarsu ba, takardar da aka rubuta Class F, ajin jure zafi, ma haka.

Mataki na 1: fahimci abin da ke hannunka tukuna

Rezin ɗin da ake magana efoksi ne, ɗan gidansu Araldite ɗin da muke liƙa abu da shi, wanda kamfanin Ciba na Suwizalan ya fito da shi kasuwa a 1946. Amma na babbar wuta daban yake. Ana haɗa efoksin da sinadarin da ke busar da shi, sannan a zuba garin silika mai laushi, wato niƙaƙƙen farin dutse, har ya kai wajen kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari na nauyin haɗin. Garin nan ba don a rage kuɗi kawai ake sa shi ba. Efoksi zalla ba ya fitar da zafi, abin da yake wucewa da shi bai fi 0.2 W/mK ba, da garin kuwa yana kaiwa kusan 0.8 zuwa 1. Kuma efoksi zalla yana kumbura da zafi sosai fiye da ƙarfen da ke cikinsa, garin ne ke rage wannan kumburin ya matso kusa da na alminiyom. Shi ya sa za ka ga yawancin koyil ɗin da aka zuba wa rezin da alminiyom aka naɗa su ba da kofa ba, mutane su ɗauka ha'inci ne, alhali alminiyom yana buɗewa 23 cikin miliyan a kowane digiri, kofa 17, rezin mai gari kuma ya haura 30, kaga alminiyom ne ya fi kusa da shi, sun fi tafiya tare in zafi ya hau ya sauka.

A masana'anta ana zuba haɗin ne cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska kaf, sannan a gasa shi a tanda, farko a wajen digiri 80 har ya kama jiki, sai a ɗaga zuwa 130 ko 140 ya yi awanni da yawa. Duk wannan wahalar don abu guda ne, kar a bar kumfar iska ko guda a ciki.

Me ya sa kumfa ƙarama take da haɗari haka? Ga lissafin a sauƙaƙe. Iska tana ɗaukar kimanin kV 3 a kowane milimita kafin ta fashe ta yi tartsatsi, rezin mai kyau kuwa yana ɗaukar wajen kV 20 a milimita a gwajin ɗan lokaci. Matsalar ita ce wutar AC in ta tarar da iska a tsakiyar rezin sai ta fi danna wa iskar, domin lambar riƙe caji ta rezin tana wajen 4, ta iska kuma 1. Kenan in rezin yana ɗauke da kV 2 a milimita, kumfa mai faɗi da ke cikinsa za ta iya ganin har ninki huɗu na wannan. Wanda ya fi rauni shi aka ɗora wa kaya mafi nauyi. Sai ta fara ɗan tartsatsi a ciki wanda ba ya haɗa layi da ƙasa, bireka ba ta gani, fiyus bai sani ba. Shi ne abin da ake kira PD, ni dai tartsatsin ɓoye nake ce masa in ina koya wa yara. Wutarmu 50 Hz ce, in tartsatsin yana faruwa sau ɗaya kacal a kowane rabin zagaye, sau 100 kenan a sakan, sama da miliyan 8 a rana ɗaya. Yana cin bangon kumfar kaɗan kaɗan, sai wasu ƙananan hanyoyi su fara tsirowa cikin rezin kamar saiwar bishiya, watanni ko shekaru, rannan kawai ka ji "dum".

Sai maganar jure zafi, wanda nan ne ake yawan yi wa mutane dabara. Ƙa'idar IEC 60085 ta raba insuleshan aji-aji: B digiri 130, F 155, H 180. Wannan lambar zafin wuri mafi zafi ne a cikin koyil, ba zafin ɗaki ba, kuma ba wai in ka kai shi babu abin da ke faruwa ba. Tsohuwar ƙa'idar da muke aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan abin da aka tsara yana raba rayuwar insuleshan biyu. Akwai kuma wata lamba da ba a cika rubutawa a farantin jiki ba, Tg, wato zafin da rezin yake barin taurinsa na gilashi ya fara laushi kamar roba. Ba narkewa yake ba, amma daga nan kumburinsa yana ninkuwa, wutar da ke sulalewa ta cikinsa tana ƙaruwa, ita kuma tana ƙara masa zafi. Rezin ɗin da ba a gasa shi ya nuna ba Tg ɗinsa ƙasa yake, ko da kuwa a ido yana sheƙi kamar madubi.

Mataki na 2: kafin ka biya kuɗi, nemi takardar gwaji mai lambar wannan taransfomar

Ba takardar talla ba, ba hoton satifiket ɗin wata da aka tura maka a WhatsApp ba. Takardar gwajin masana'anta wadda lambar jikinta ta yi daidai da lambar da ke kan farantin taransfomar da ke gabanka. Ƙa'idar busassun taransfoma ita ce IEC 60076-11, kuma ga abubuwan da nake bi da yatsa:

Gwajin PD. Ana ɗaga wuta zuwa ninki 1.8 na ƙarfin aikinta na sakan 30, a sauke zuwa ninki 1.3 na minti 3 a auna, kar tartsatsin ya wuce 10 pC, ma'aunin girmansa kenan. In babu wannan layin a takardar ni a wajena magana ta ƙare, don shi ne kaɗai gwajin da ke leƙa cikin rezin ya gaya maka ko akwai kumfa.

Gwajin jure wuta. Ta 11 kV ajinta 12 kV ne, ana ba ta kV 28 na minti ɗaya, gwajin tsawa kuma 60 ko 75 kV. Ta 33 kV ajinta 36 ne, kV 70 na minti ɗaya, tsawa 145 ko 170. A nan Filato da damina ke zuwa da tsawa kamar ana yaƙi, ka nemi babbar lambar, 75 da 170, bambancin kuɗin bai kai kuɗin sabon koyil ba.

Haruffan E da C da F. E na nuna jure raɓa da datti, E0 ta ɗaki mai tsabta ce busasshe, mu E2 ne mafi ƙarancin abin da ya dace da mu, sabuwar ƙa'idar ma ta kawo E3 da E4. C na sanyi ne, C2 an gwada ta har 25 ƙasa da sifili, ba don Jos za ta kai haka ba, sai don rezin ɗin da ya jure wannan girgizar zafi da sanyi bai cika tsagewa ba. F1 kuma, wadda ba ita ce Class F ta zafi ba, na nufin in gobara ta taso ba za ta ƙara rura ta ba.

Akwai wani abu da ya shafe mu mutanen Jos musamman. Duk waɗannan lambobin an tsara su ne don wurin da bai wuce mita 1,000 daga saman teku ba, Jos kuwa tana wajen mita 1,200. Iskar sama ta fi sirantaka, ba ta kwashe zafi sosai kuma ta fi saurin fashewa. Ragin da ƙa'ida ta ce a yi ba shi da yawa a tsawon namu, kashi 2.5 cikin ɗari na hawan zafi a kowane ƙarin mita 500 ga mai sanyaya kanta da iska, amma ka rubuta wa mai sayarwa tsayin wurin a takardar oda, kar ka bari a kawo maka wadda aka yi lissafinta don Legas. Haka kuma ƙa'idar ta ɗauka matsakaicin zafin shekara digiri 20 ne, mafi tsanani 40. Jos ta ɗan haura 20 ɗin, Abuja kuwa ta wuce sosai, a watan Maris ma tana dosar 40 a waje balle a cikin ɗakin ƙarƙashin bene. Wanda ke Abuja gara ya ɗauki mai insuleshan H amma hawan zafinta na F, wato digiri 100 maimakon 125, sai ya samu sarari.

Ga kayan fanel irin su sandunan riƙe basba da bushin, ka auna tsawon hanyar da wuta za ta bi a kan fatarsu, ka bi lanƙwasa-lanƙwasan da zare. Tsohon ma'aunin IEC 60815 ya ce milimita 16 ga kowane kV a wuri mai tsabta, 20, 25, sai 31 a wuri mai datti sosai. In ka ɗauki 25 ga ƙurarmu, 12 kV na son milimita 300, 36 kV na son 900. Kuma efoksin cikin ɗaki ba a kai shi waje, rana tana cinye fatarsa ta koma kamar alli, na waje wani iri ne daban, ka tambaya a rubuce.

Mataki na 3: ranar da mota ta kawo ta

Kar ka sa hannu a takardar karɓa sai ka zagaya da tocila. Hanyar Akwanga zuwa Jos da hawan Hawan Kibo ba wasa ba ne ga kaya mai nauyin tan biyu ko uku. Haska fatar kowane koyil daga gefe ba daga gaba ba, tsagewa siririya a haka take fitowa. Duba robobin da ke danne koyil sama da ƙasa ko sun goce, duba ko tazarar da ke tsakanin koyil na babbar wuta da na ƙarama daidai take ta kowane ɓangare, leƙa cikin ramukan iska ko an manta da wani noti ko wosha. Masu sauke kaya su ɗaga ta ta kunnuwan ɗagawa kawai, in ka ga wani ya jingina ƙarfe a jikin koyil zai tura, ka tsayar da shi ko da zai ji haushi. In ba yanzu za a kafa ta ba a ajiye ta a ɗaki busasshe da ledarta, ba a tsakar gida ƙarƙashin tamfol ba, balle kusa da inda magina ke kwaɓa siminti.

Mataki na 4: ɗakin

Nan ne rabin taransfomomin da na gani suka fara mutuwa. Mai zanen gini ya bar wani lungu ƙarƙashin matakala ya ce ga ɗakin taransfoma. Taransfomar 1000 kVA a cikakken lodi tana zubar da zafin da ya kai wajen kW 11 ko 12, ka ɗauka ka kunna hita goma sha biyu a ɗaki ka rufe ƙofa. Akwai lissafi mai sauƙi da ake amfani da shi: faɗin tagar shigar iska a murabba'in mita daidai yake da 0.18 sau zafin a kW, a raba da tushen, wato square root, na tsayin da ke tsakanin tagar ƙasa da ta sama. In zafin kW 12 ne, tsayin mita 2, za ka samu kusan murabba'in mita ɗaya da rabi, ta fitar iska kuma ta fi haka da kashi 10. Ta shiga tana ƙasa, ta fita tana sama a bangon da ke fuskantarta. In ginin bai ba da haka ba a sa fanka mai jan iska waje. A sa raga a tagogin, ɓera da ƙadangare sun kashe fanel fiye da yadda za ka zata, amma ka tuna raga tana rage iska don haka a ƙara faɗi.

Tazara kuma: a ƙalla milimita 120 daga fatar koyil zuwa bango ko ƙarfe a 11 kV, 320 a 33 kV. Na ce daga fatar koyil, ba daga tasha inda ake ɗaure kebul ba. Wannan ka gaya wa kowane yaro da mai gadi: fatar rezin in da wuta a ciki ba abin taɓawa ba ce, tana kisa kamar tsirarar waya. Kar a ɗaure kebul a jikin koyil, kar a bar shi ya kwanta a kai, a yi masa abin riƙewa daban yadda nauyinsa ba zai ja tasha ba. Notocin tasha da na taf, wato mahaɗin da ake ƙara ko rage ƙarfin wuta da shi, a ɗaure su da sifana mai auna ƙarfi bisa lambar da ke littafin, domin mazaunin notin a cikin rezin aka dasa shi, in ka matse da ƙarfin tuwo sai ka tsaga rezin ta ciki, in ka bar shi sako-sako kuma ya yi zafi ya ƙona wajen. Taf ɗin dukkan koyil ukun su zama a lamba ɗaya.

Aresta kuwa, mai kare ta daga tsawa, dole ne, a kusa da tashar taransfomar ba can a kan fol kaɗai ba, da wayar ƙasa gajera miƙaƙƙiya. Bireka irin ta bakum, wadda aka zuƙe wa iska, ma in tana yanke wuta takan haifar da wani tsalle mai kaifi da ke dukan zagayen farko na koyil, ga kuma yadda ake ɗauke wuta a dawo da ita sau da yawa a rana, don haka in kebul ɗin da ke tsakaninsu gajere ne ka tambayi masana'anta ko a ƙara abin kwantar da tsallen.

Mataki na 5: gwajin kafin kunnawa

Da farko tsaro, kuma ba na gajiya da maimaita shi. Kashe, kulle da kwaɗo ka sa makullin a aljihunka, gwada ka tabbatar babu wuta, haɗa layukan uku da ƙasa, rufe duk abin da ke kusa mai rai. Ka kashe ɓangaren 415 V ma, don in janareta ko inbata ta sola ta turo wuta ta baya taransfoma ba ta san gaba da baya ba, za ta mayar da 415 ɗin 11,000 a inda hannunka yake.

Sai Mega. Ɓangaren babbar wuta zuwa ƙasa da 2.5 kV ko 5 kV, babba zuwa ƙarama haka, ƙarama zuwa ƙasa da 500 V ko 1 kV. Cire kebul da aresta da wayoyin auna zafi kafin ka fara, in ba haka ba su kake aunawa. Rubuta karatun minti ɗaya da na minti goma, ka rubuta zafin koyil da yanayin ranar, domin karatun yana faɗuwa kusan rabi a duk ƙarin digiri 10, wanda ka ɗauka da sanyin asuba a Janairu ba za ka kwatanta shi kai tsaye da na azahar a Afrilu ba. Na minti goma a raba da na minti ɗaya, in ya kai 2 ana cewa lafiya, amma in karatun minti ɗaya ya riga ya wuce megohm 5,000 wannan rabon ba ya nuna komai, kar ka tayar da hankalin mai gida a banza. Bayan gwaji ka sauke cajin zuwa ƙasa ka bar shi haɗe na tsawon ninki huɗu na lokacin da ka yi gwajin.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, Mega datti da danshi take gani. Koyil mai kumfa a ciki zai iya ba ka karatu mai kyau ƙwarai yau ya fashe wata mai zuwa, saboda DC ba ta tayar da tartsatsin ɓoye yadda AC ke yi. Don haka ka haɗa da gwajin rabon wuta a kowane taf da aunin juriyar wayar koyil ukun ka kwatanta da takardar masana'anta. In karatun Mega ya yi ƙasa kar ka yanke hukunci, yawanci raɓa ce, share ka sa hita ko iska mai ɗumi kwana ɗaya ka sake aunawa.

Na'urar zafi: akwai ƴan na'urorin jin zafi da ake kira PT100 a cikin koyil na ƙaramar wuta, a haɗa su da rile mai ba bireka umarni, a gwada a ga da gaske tana kashe bireka. Ga ajin F yawanci ana sa ƙararrawa a wajen 140, kashewa a 150, amma bi littafin taka. Na sha tarar da wayoyin nan a naɗe a gefe ba a taɓa haɗa su ba tun ranar kafawa. Sannan a kira NEMSA, hukumar duba kayan lantarki ta ƙasa, su duba su ba da takarda kafin kamfanin rarraba wuta ya haɗa ku, doka ce. Ranar kunnawa a bar ta babu lodi na wasu awanni kana saurare, sannan a ɗora lodi kaɗan kaɗan.

Mataki na 6: kula da ita

Ƙurar hunturu kaɗai in ta bushe ba ta cika wuce wuta ba. Matsalar tana zuwa ne in ta sha danshi, kuma Jos gwana ce a nan: an ɗauke wuta cikin dare, koyil ya huce, sanyin asuba ya sauko, raɓa ta kwanta kan ƙurar, ƙarfe shida a dawo da wuta. Ƙaramar wuta ta fara bin fatar, ta busar da wani waje, tartsatsi ya tsallake wajen da ya bushe, ya ƙona rezin ya bar gawayi, gawayi kuma yana wuce wuta, sai layin ya yi ta tsawo. Abin da ya faru a otal ɗin can kenan, shekara da shekaru ba a taɓa share ta ba. Don haka ni sau biyu nake sharewa a shekara, ƙarshen hunturu kafin ruwan farko, da kuma bayan damina. Injin shan ƙura tukuna, sannan busasshiyar iska marar ƙarfi, kar matsinta ya wuce bar 3, daga ƙasa zuwa sama cikin ramukan, sannan tsumma mai tsabta marar gashi. Ba fetur, ba tina, ba ruwan omo. A cikin fanel kuma ka tabbatar ƴar hitar hana raɓa tana aiki, kuma in da hali a ba ta wuta daga layin da ba ya ɗaukewa tare da na NEPA, don lokacin da aka ɗauke wutar ne aka fi buƙatarta.

Hancinka da kunnenka kayan aiki ne. Warin da ke kama da na bilic ko na bayan tsawa, ƙarar tsss, farin gari ko kore-kore a kan kofa da notoci, duk alamun tartsatsi ne. In kana da na'urar sauraron sautin da kunne ba ya ji, mai aiki a wajen 40 kHz, ka bi ƙofofin fanel da ita ba tare da ka buɗe ba, da kyamarar zafi kuma a duba tashoshi lokacin da lodi ya yi nauyi. Ka kula da lodi ma, zafin waya yana tafiya ne da ninkin karan, wato ampiya, a kansa, lodin kashi 120 yana ba da zafin kashi 144, ga su UPS da inbata da injin lifta da ke ƙazanta wutar su ƙara zafi ko da mita na nuna ba a cika lodi ba.

Mataki na 7: gyara, da inda gyara ya tsaya

Ƙujewa ta sama ko ɗan sawun gawayi marar zurfi ana iya kankare shi har a kai rezin mai tsabta, a goge, a shafa abin da masana'anta ta amince da shi. Ka sa takunkumi mai kyau in kana gogewa, garin silika ne kake tayarwa kuma yana lalata huhu, rezin ɗin da bai bushe ba kuma yana sa ƙaiƙayin fata, a sa safar hannu. Amma tsagewar da ta shiga ciki, ko ramin da ya kai ga waya, wallahi kar ka cika shi da Araldite na kasuwa ka mayar da 11 kV. Ba ka da tukunyar zuƙe iska, ba ka da tanda, abin da za ka yi kawai shi ne ka rufe iska a ciki da hannunka, wato ka ƙera kumfar da muka yi bayani a sama, kuma irin wannan gam ɗin tun kafin digiri 100 ya yi laushi. Koyil ɗin rezin ba a sake naɗa shi kamar na mai, canza shi ake yi gaba ɗaya, a aika wa masana'anta lambar jiki su turo wani.

Inda za ka zuba rezin da hannunka shi ne haɗin kebul na ƙaramar wuta, irin mai zuwa cikin leda gida biyu. Nan ma ka duba ranar lalacewarsa, ka haɗa duka biyun gaba ɗaya kar ka rage ko ka ƙara mai busarwa wai don ya yi sauri, ka murza har launin ya zama ɗaya, wayar ta bushe sarai, ka zuba a hankali ta gefe ɗaya iska na fita ta ɗayan. In da sanyin Disamba ne ka sa ledar cikin rigarka ta ɗan yi ɗumi kafin ka haɗa, in ba haka ba ya yi kauri ya ƙi shiga tsakanin wayoyi. Kar a motsa haɗin ko a binne shi sai ya huce ya taurare, lokacin yana rubuce a jikin kwalin.